Fim ɗin yaron da aka manta a gida: wane yaro ne ya isa ya kalla?

Wata uwa daga Garin Malam, nan cikin Damagaram, ta aiko da tambaya. Ƙanenta ne ya zuba mata wani fim ɗin barkwanci a kati domin yara su rage zaman hutun ƙarshen Disamba, fim ɗin Amurka na yaron da danginsa suka yi tafiyar Kirsimeti suka manta da shi a gida. Yaranta uku ne: babbar tana da shekara 11, na tsakiya 7, autan 4. Duk wanda ta tambaya sai ya ce mata ai fim ɗin yara ne, ba komai ciki sai dariya. Tana son ta ji ko ta bar su duka su kalla.

Ƴar'uwa, sannu da hidima, Allah ya raya mana su. Na ji daɗi da kika tambaya tun kafin a kunna, don yawancin iyayen da ke samuna a jardan, wato makarantar ƙananan yara, da irin wannan magana sai yaro ya soma firgita cikin barci suke zuwa. Ga abin da na gani. Babbar ta kalla, ba damuwa. Autan kada ya kalla, ko da a kan cinyarki ne. Na tsakiyan shi ne abin dubawa: in da ni ce, zan jinkirta masa sai baɗi, in kuma hakan ba zai yiwu ba, to sai kina zaune kusa da shi tun daga farko har ƙarshe. Zan faɗi dalili, domin zai yi miki amfani a kan wasu fina-finan ma.

Fim ɗin sunansa na asali Home Alone, ya fito a 1990, amma mu nan an fi saninsa da sunan da Faransawa suka sa masa, Maman, j'ai raté l'avion. Labarin Kevin ne, ɗan shekara 8, wanda gidansu yake wajen Shikago. Daren da za a wayi gari a tafi Faris ya yi faɗa da wansa, uwarsa ta kora shi ɗakin sama. Cikin dare iska ta katse wuta, agogo bai tashe su ba, aka makara, aka ƙirga yara cikin gaggawa aka haɗa da ɗan maƙwabta, jirgi ya tashi ba shi. Sai a sama uwar ta tuna. Shi kuwa ya rage shi kaɗai cikin ƙaton gida, ga ɓarayi biyu suna zagayen unguwa, ya ɗana musu tarkuna. Tsawonsa minti 103.

Abin da ya sa ake ce masa fim ɗin yara shi ne yaro ne jarumin. Wannan bai isa hujja ba. A can Amurka, inda tun 1968 suke da tsarin sa wa fina-finai alama, an ba shi alamar PG, ma'ana iyaye su duba tukuna domin akwai abin da ƙila bai dace da ƙaramin yaro ba. Akwai alamar da ta fi wannan sauƙi, wato G, ta kowa da kowa, kuma ba ita aka ba shi ba. Ke ma kin saba ganin irin wannan a tashoshin Faransa na Canal+, inda ƴar lamba take fitowa a kusurwar tele, 10 ko 12 ko 16. Matsalarmu ita ce fim ɗin da aka tura daga waya zuwa waya, ko aka zuba a kati a shagon caji, yana zuwa ne tsirara, ba alama ba gargaɗi. Duk aikin tacewa ya dawo kanki.

Mu fara da autan, don shi ne wanda mutane suka fi rainawa, a ce ai bai san komai ba, launi kawai yake kallo.

Kafin a tafi, Kevin ya faɗa wa uwarsa cikin fushi cewa ba ya son ya sake ganin kowa a cikinsu. Da ya farka da safe bai ga kowa ba, sai ya ɗauka maganarsa ce ta ɓatar da su. Babba yana dariya a nan domin ya san gaskiyar lamarin, ya ga yadda aka yi kuskuren ƙirge. Ɗan shekara 4 ba ya bin zaren labari mai tsawo haka, balle ana magana da Faransanci ko Ingilishi da bai ji. Abin da ke shiga kansa shi ne: yaro ya yi wa uwarsa tsiwa, an kwana, uwa ta ɓace. Kuma daidai wannan shekarun, tsakanin 3 da 6, yaro yake ɗaukar cewa abin da ya faɗa da baki ko ya raya a zuciya yana iya faruwa. Shi ya sa za ki ga yaron da ya ce wa ƙanwarsa «Allah ya sa ki faɗi», in ta yi zazzaɓi bayan kwana biyu, sai ya shiga damuwa shi kaɗai bai faɗa wa kowa ba. Fim ɗin yana tabbatar masa da abin da dama yake tsoro. Sakamakon ba ya fitowa a gaban tele. Yana fitowa ranar da kika ɗauki gyale za ki Kasuwar Dole ya riƙe miki zane yana kuka, ko ya ƙi shiga aji, ko ya dawo da fitsarin kwance bayan ya daina.

Ki haɗa da yadda muke zaune. Yaronmu bai san kaɗaici ba. A ɗaki ɗaya yake kwana da ƴan'uwansa, in uwa ta fita akwai kaka, akwai inna, akwai maƙwabciya ta bayan katanga. Gidan da aka wayi gari ba kowa a ciki abu ne da bai taɓa zuwa masa a rai ba sai an nuna masa. Sannan gidaje da yawa a yankin nan uba yana ci-rani, ko Nijeriya ko Libiya ko Aljeriya, yaro yana ta tambayar yaushe zai dawo. Irin wannan yaron, labarin dangin da suka shiga jirgi suka bar ɗansu yana taɓa masa wuri mai ciwo.

Akwai kuma tsoron ido. Wata malama a jami'ar Wiskonsin, Joanne Cantor, ta daɗe tana nazarin abin da ke firgita yara a tele. Abin da ta nuna shi ne ƙananan yara kamannin abu ne ke ba su tsoro, ko da abin ba mai cutarwa ba ne, su kuwa waɗanda suka haura 7 ko 8 abin da zai iya faruwa da gaske ne ke damunsu. Wannan fim yana da duka biyun. Na ƙananan: murhun ɗumama gida a ɗakin ƙarƙashin ƙasa da ke buɗe baki kamar dodo, tsohon maƙwabci mai shebur da aka ce wa yaro ya kashe danginsa, ƙaton gizo-gizo a kan fuskar mutum yana ihu. Na manyan: ɓarayi da ke leƙen taga da dare, ɗayansu ma da kayan ƴan sanda ya fara shigowa gidan. Wajen ƙarshe sun kama yaron, sun rataye shi da rigarsa a jikin ƙofa, ɗaya yana cewa zai cije masa yatsu. Ɗanki mai shekara 7 yana kan iyakar nan ne, duka biyun suna iya kama shi. Kuma shi ya san sata ba tatsuniya ba ce, ya ji an yi ihun ɓarawo a unguwa.

Yanzu tarkunan, inda dariyar take, inda kuma damuwata ta fi yawa game da na tsakiyan.

Ki ji abin da yaron ya yi wa ɓarayin. Ya watsa ruwa a matakala ya daskare suka zame. Ya saki dutsen guga daga sama a kan fuskar ɗaya. Ya zafafa mariƙin ƙofa har ya yi ja, ɗaya ya kama ya ƙone tafin hannu. Ya ɗaura abin hura wuta irin na masu walda a saman ƙofa, ya babbake kan mutum. Ya kafa ƙusa a matakala bayan ya shafa kwalta, mutum ya taka da ƙafa ba takalmi. Ya ɗaure gwangwanayen fenti da igiya ya sake su a fuskokinsu. Ya harbe su da ƴar bindigar iska, ɗaya a goshi, ɗaya a gabansa. Bayan kowane ɗaya, mutum ya yi ihu, ya miƙe, ya ci gaba da tafiya. Ba jini, ba karaya, ba asibiti. A zahiri dutsen guga da ya faɗo daga sama a fuska yana fasa ƙashi, wutar walda a ka kuwa ba a tashi daga gare ta a ci gaba da gudu.

Wannan barkwancin an gina shi ne a kan mai kallo ya riga ya san ƙarya ce. Babbar taki ta sani, shi ya sa take iya dariya ba tare da komai ya maƙale mata ba. Ɗan shekara 7 zai ce miki shi ma ya sani, kuma da baki ya sani, amma bai san nauyin ƙarfe a kan ƙashi ba, bai san yadda ƙuna take cin fata ba. Da zanen katun ne da da sauƙi, domin kyanwar da aka zana ba ta kama da kowa. Nan kuwa mutane ne na gaske, jarumin kusan sa'ansa ne, kayan aikin kuma duk suna cikin gidanki: dutsen guga na gawayi, ƙusa, igiya, bokiti, ashana, rasho, danƙon harbin tsuntsu. Gidaje da yawa akwai kwalbar esansi a ajiye a lungu saboda babur. Ga shi lokacin hunturu ne, kaskon garwashi yana cikin ɗaki, ruwan zafi yana kan wuta tun asuba. Ɓarawon da za a ɗana wa tarkon kuwa ba wani ba ne, autanki ne, ko ɗan maƙwabta, ko kaka da za ta shigo zaure ba ta gani sosai.

Ba zato nake yi ba. A 1961 Albert Bandura, masanin halayyar ɗan Adam a jami'ar Istanfod, ya sa yara ƴan tsakanin shekara 3 da 6 suka ga babba yana dukan wata ƴar tsana ta roba, da aka bar su da ita sai suka maimaita dukan yadda suka gani. A 1963 ya nuna cewa ko a fim suka gani, suna kwaikwaya. A 1965 kuma ya ƙara wani abu da ya shafe mu kai tsaye: yaran da suka ga an hukunta mai dukan sun rage kwaikwayo. A wannan fim ba a hukunta yaron ba, shi ne gwarzo, kowane bugu da kiɗansa na nishaɗi. Ban ce wanda ya kalla zai tashi mugu ba, binciken bai nuna haka ba, kuma miliyoyi sun kalla sun girma lafiya. Abin da nake tsoro ƙarami ne kuma na kusa: bokiti a saman ƙofa gobe da safe, ko ashana a hannun da bai kamata ba.

Za a ce ai tatsuniyoyinmu ma cike suke da mugunta, Gizo ya cuci kura, ya cuci giwa, an ƙone, an daka, an jefa rijiya, kuma da su muka tashi. Gaskiya ne. Amma mai ba da tatsuniya tana kallon fuskar yaro. In ta ga idonsa ya raina fata sai ta sassauta murya, ta taƙaita wurin, ta jawo shi jikinta, kuma hoton da yaro ya zana a kansa ba ya wuce abin da zai iya ɗauka. Fim ba ya kallon kowa. Abin da zamanki kusa da yaro yake mayarwa ke nan, shi ya sa na ce in zai kalla sai da ke, ba da yayarsa kaɗai ba.

Sauran abubuwan ba su kai waɗannan ba, amma gara ki san da su. Yaran gidan suna zagin juna, wani babba cikin dangi ya zagi Kevin a gaban kowa, shi kuma ya mayar wa uwarsa magana irin wadda a gidajenmu ba a yi. Ya buɗe akwatin wansa ya ɗauko mujallar tsiraici ya leƙa ya jefar, na ɗan lokaci kaɗan. Akwai wani guntun fim baƙi da fari da yake kallo, inda wani ya buɗe wa wani wuta da bindiga yana dariya. Shi kansa Kevin rufe ido ya yi. Game da Kirsimeti kuwa, fim ɗin ba wa'azi yake yi ba, amma akwai bishiyar ado, akwai waƙoƙin bukin, akwai zama cikin coci. Gidan Musulmi zai iya cewa yaro wannan bukinsu ne kamar yadda muke da Sallah, kuma a garin nan muna da maƙwabta Kirista da suke yinsa. Yaro yana karɓar wannan bayani cikin sauƙi in daga bakin uwarsa ya fito.

Kada in zalunci fim ɗin, akwai alheri a cikinsa, kuma babbar taki ce za ta gan shi. Uwar ta ƙi barin filin jirgi, ta roƙi mutane, ta shiga bayan mota da baƙi don ta isa ga ɗanta. Yaron da ya yi murnar rabuwa da danginsa ya dawo yana kewarsu. Ya je kanti da kansa, ya yi wanki. Wurin da na fi so shi ne na tsohon maƙwabcin, wanda aka ɓata wa suna a banza: ashe dattijo ne da ya yi faɗa da ɗansa shekaru suka wuce ba sa magana, yaron ne ya ba shi shawarar ya kira shi, kuma dattijon ne ya ceci yaron daga hannun ɓarayin. Yarinya ƴar shekara 11 za ta gane zumunci a nan, za ta gane illar yarda da jita-jita a kan mutum. Ki tambaye ta bayan an gama me ya sa yara suke tsoron tsohon, kuma wa ya fara faɗa musu labarinsa. Ki kuma tambaye ta, in ita ce ta ga baƙi suna leƙen gida, me ya kamata ta yi. Amsar da kike so ita ce ta fita ta kira maƙwabta. Fim ɗin ya koyar da akasin haka, don haka sai kin faɗa da bakinki.

Sai maganar tsawo. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarar da ta fitar a 2019, ta ce yaron da bai kai shekara 2 ba kada a zaunar da shi gaban allo, ɗan shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa ɗaya a yini, in ya yi ƙasa da haka ya fi. Minti 103 ya wuce wannan nesa. Ko da fim ɗin ba shi da aibi ko ɗaya, ya yi wa autan tsawo.

Na san abin da za ki ce: tele ɗaya ce, ɗaki ɗaya ne, ta yaya za a kunna wa wata a hana wani? Hanya mafi sauƙi ita ce a zaɓi lokaci. Babbar ta kalla sa'ad da autan yake barcin rana, ko ya tafi gidan kaka, ko ta kalla a wayarki a ɗaki. Kada a ce masa «kai ƙarami ne, fita», wannan kuka zai jawo ya kuma ƙara masa kwaɗayin abin. A ba shi nasa: ɗan gajeren katun na minti goma ko sha biyar da kika riga kika gani, a kashe, a fita wasa.

In na tsakiyan zai kalla, to da rana, bayan la'asar, ba daf da kwanciya ba. Ki ba shi labarin a taƙaice tun kafin a fara, har da ƙarshensa, cewa uwar za ta dawo kuma za a kama ɓarayin. Sanin ƙarshe yana rage wa yaro tsoro, ba ya rage masa daɗi. Rimot ya zauna a hannunki. Ki tsallake wurin harbin nan na baƙi da fari, da wurin wutar walda, da inda suka kama shi. In aka zo tarkunan ki tsayar sau ɗaya ko biyu ki tambaye shi, in da gaske ne me zai sami mutumin nan? Ki bar shi ya amsa da kansa. Ki gaya masa masu yin fim suna amfani da kayan roba da mutanen da suka koyi faɗuwa. Ki riƙa duban jikinsa fiye da bakinsa, domin ɗa namiji a gaban yayarsa ba zai ce yana jin tsoro ba: in ya matso jikinki, ko ya yi shiru, ko ya soma tambayar an kulle ƙofa, to ya isa haka, ki kashe ki ce sai wani lokaci. Kwana biyu bayan nan ki ɗauke ashana da esansi daga inda hannu yake kai wa.

In kuwa wani cikinsu ya riga ya gani a gidan maƙwabta har ya tsorata, kada a yi masa dariya, kada kuma a ce masa «ai ƙarya ce» a wuce, ƙaramin yaro wannan kalma ba ta kwantar masa da hankali. A rungume shi, a nuna masa sakatar ƙofa, a faɗa masa inda za ki da lokacin da za ki dawo duk sa'ad da za ki fita, kuma ki cika alkawari. Yawanci cikin ƴan kwanaki yake wucewa. In firgitar dare ko fitsarin kwance ya ɗauki makonni, ki kai shi a duba shi.

Wannan awon ki yi wa kowane barkwanci, har namu na Hausa da ake turawa a WhatsApp, inda sau da yawa abin dariyar shi ne an mari wani, ko an kwaikwayi mai in'ina, ko an tsokani mai taɓin hankali. Ki kalli farkonsa da kashi ɗaya cikin uku na ƙarshe ke kaɗai kafin yara su gani, don a ƙarshe ake tara abin da ya fi zafi.

Ki kuma duba katin da kyau, domin sau da yawa ana haɗa fim ɗin da na biyunsa, wanda ya fito a 1992, inda yaron ya ɓace a birnin Niyok. Shi ma alamar PG gare shi, amma ya fi na farko tsanani: ana jefo bulo daga saman bene a goshin mutum sau da yawa, ana haɗa mutum da wutar lantarki har a nuno ƙwarangwal ɗinsa, akwai kananzir da fashewar wuta. Wannan ko na tsakiyan ya kai shekara 8 ban ba da shawara ba, sai ya kai 10. Ki roƙi kawun yara, in zai sake zuba musu wani abu, ya fara turo miki ke tukuna.